Malama Yemima Asher, Wadda Ta Yi Nasara da Sifili

Haihuwa da Karatu

An haifi Yemima a Fadan Kagoma a shekarar 1962, 'ya ta uku ga Baba Asher, manomin doya, da matarsa Mama Joanna. Ta yi firamare a garinsu, sannan ta shiga makarantar horon malamai a Kafanchan, inda ta kammala a 1983 da shaidar ƙwarewa a fannin lissafi.

Aiki da Aure

A shekarar da ta gama aka tura ta koyarwa a wata sakandare a gefen Kafanchan, ba ta kuwa canza wuri ba har ta yi ritaya. A 1986 ta auri Malam Henry, ma'aikacin jirgin ƙasa, mutumin kirki ƙwarai amma mai gajen haƙuri, wanda ko wa'azi ya yi tsawo sai a gan shi a bakin ƙofar majami'a yana duba agogo.

Shirin Kacici-kacici

Daga 2005 ta ƙwallafa rai a kan wani shirin kacici-kacici na talabijin da ake nunawa ran Lahadi da la'asar. Ƙa'idar zagayen ƙarshe ita ce mutum biyu su saura, kowa ya rubuta yawan makin da zai zuba kafin ya ji tambaya. In ya amsa daidai a ƙara masa, in ya kuskure a zabtare. Shekara goma sha ɗaya tana rubuta sakamakon kowane mako a littattafan makaranta, har ta gano cewa wanda ke gaba kusan kullum yakan zuba abin da zai ɗara ninkin makin abokin karawarsa da maki ɗaya tak. Da zumuntar mata suka yi mata tsiya cewa ta kama caca, sai ta ce, “Mata, wannan ba caca ba ne, lissafi ne.”

Ranar Sifili

A damanar 2016 guguwa ta yaye rufin ajujuwa huɗu na makarantarsu, ɗalibai suka koma gindin mangwaro. Kyautar shirin a wannan shekara kuwa gini ce ga makarantar da zakara ya zaɓa, don haka ta nemi shiga, aka ɗauke ta. Ta kai zagayen ƙarshe da maki 8,000, wani matashin lauya kuma yana da 12,000.

An naɗi shirin a Abuja, aka hana ta faɗin sakamako sai an nuna. Ranar nunin, jama'a suka cika zauren majami'ar Fadan Kagoma. Aka buɗe amsarta, ba daidai ba; aka buɗe abin da ta zuba, sai ga sifili. Zauren ya kaure da gunaguni, domin a wurin manoman Kagoma, zuwa har Abuja a ƙi zuba komai tsoro ne tsagwaronsa. Malam Henry ya miƙe ya dubi Yemima, wadda yake kira da sunan 'yarsu Lucy, ya ce, “Mama Lucy, kin ba ni kunya,” ya fice abinsa. Minti ɗaya bayan fitarsa aka buɗe ta lauya: shi ma ya kuskure, ya kuma zuba 4,001, ya sauko 7,999. Da maki ɗaya Yemima ta yi nasara, ta rufa wa makaranta asiri, daga ranar kuma sunanta ya koma Malama Sifili. Maigidanta a bakin mai sayar da gasasshiyar masara ya ji labari, abin da ta yi shekara takwas tana tsokanarsa da shi.

Ritaya da Rasuwa

Ta yi ritaya a 2018, ta koma noman citta da koyar da lissafi kyauta a ƙarƙashin rufin da ta samo. Ta rasu ranar 9 ga Maris, 2024, bayan gajeriyar rashin lafiya, aka binne ta a Fadan Kagoma. Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: Lucy, Patrick, Doreen da Endurance, da jikoki bakwai. Sujadar jana'izar ta ɗauki awa huɗu, Malam Henry bai duba agogo ko sau ɗaya ba. Bayan kowa ya watse Lucy ta zo ta kama hannunsa a bakin kabari, sai ya ce mata, “Bar ni tukuna. Wannan karon ba zan tashi ba sai an gama.”