Inna Saude da Gangar Jan Fenti

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Alhamis, tara ga watan Rabi'ul Awwal na shekarar 1348 bayan Hijira, ina rumfar awon gyaɗa a Gusau, inda nake yi wa 'yan kasuwa rubutu, wani ɗan Tsafe ya tsuguna gabana ya ce Allah Ya yi wa surukata rasuwa da hantsi. Inna, tun ranar da na auri 'yarki Lami bakina bai taɓa furta sunanki ba, don kunya. Yau na rubuta shi a kan takardar nan, Saude, domin akwai lokacin da aka ɓata sunan, kuma ina so jikokinki su san an wanke shi tun kina raye.

Na yi kuka a hanyar Tsafe, amma ba zan ɓoye ba, kukan yana haɗe da sanyin zuciya. Shekaru biyu ke nan ina tsoron ranar nan. Abin da nake tsoro shi ne ki mutu a rasa masu yi miki wanka, kuma 'yata Uwani ta girma ana nuna ta da baki.

Duk wanda ya san Tsafe ya san kununki. Kina jiƙa gero, ki niƙa da citta da kanumfari, ki dama, ki zuba tsiron dawa, ki rufe ya kwana ya yi tsami, da safe ki tace. A tukwanen ƙasa kike yi tun kina amarya. Mai kuɗi ya sha, marar kuɗi ma ya sha, ki bi shi da faɗa wai ya rame. Ni kaina, duk da surukuta, sau nawa na ƙirƙiro hanyar da za ta bi da ni ta ƙofar gidanki.

Da aikin hanyar jirgin ƙasa ya iso ƙasarmu, leburori suka cika gari, tukwanenki suka kasa. A nan wani ya kawo miki gangar ƙarfe babba, irin wadda ake zuwa da jan fentin shafa wa ƙarafan gada. Kika yi mata abin da ake yi wa kowace sabuwar tukunya: kika goge ta da yashi da toka, kika tafasa ruwan kanwa a ciki, kika zubar. Jan bai fita duka ba, ya maƙale a gindi da kusurwa. Inda take yoyo, Jatau maƙeri ya narka dalma ya liƙe. Kowa ya ce kin yi dabara, ganga ɗaya ta ɗauki aikin tukwane da yawa, kuma ba ta fashewa.

Abin mamaki, kunun gangar nan ya fi na da zaƙi. Wani zaƙi ne mai tsayawa a maƙogwaro, ko zuma ba ki sa ba. Mutane suka ce albarka ce ta sauka a hannunki, ke ma kika yarda, har kina ɗan yi wa sauran masu kunu dariya. Mu duka mun sha mun yaba.

Bayan girbi ciwo ya shigo unguwa. Manya suna kwana da murɗar ciki, bayan gida ya ƙi fita, baƙin zane ya fito musu a dasashi. Wani lebura hannunsa ya saki, ya kasa riƙe diga. Yara su ne abin tausayi, sai yaro ya yi laushi, ya daina wasa, wani ya riƙa shiɗewa. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, ba sauƙi. Da ɗan Iya maƙwabciyarki ya rasu, sai aka fara lissafi, aka ga duk mai ciwon mai shan kununki ne. Lissafin daidai ne, amsar da aka ba shi ce ba daidai ba. Aka ce ke mayya ce, zaƙin nan tarko ne na kama kurwa.

Aka fito da ke tsakar rana, aka sa ki tsallaka yara marasa lafiya don ki saki kurwarsu. Kin tsallaka, kina hawaye, kina yi musu addu'a, alhali ke ma cikinki yana murɗawa, domin ba wanda ya kai ki shan kunun, ke da kike ɗanɗana kowane damu. An san yadda ake cewa maita a nono ake shanta. Saboda haka ba ke kaɗai aka yanke wa hukunci ba, har da Lami, har da Uwani da ba ta daɗe da fara tafiya ba. Na ɗauko ki na kawo ki gidana a Bungudu, amma labari ya riga mu isa. Na ga mata suna janye 'ya'yansu idan Uwani ta fito wasa. Wannan ya ƙona mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa.

Kin zauna da mu har damina ta sake zagayowa. Cikinki ya lafa, amma hannun damanki ya riga ya saki, Lami ke ɗaura miki kallabi. Ba ki taɓa zagin mutanen Tsafe ba. Abin da kike tambaya kullum shi ne ko yaran sun warke.

Ba su warke ba. Bafillacen nan da ya saba kawo miki nono, mai suna Tambaya, shi ya biyo ta Bungudu da shanunsa ya ba mu labari. Ashe da kika tafi, Iya ta ɗauki gangar ta fara kunun sayarwa, kunun ya fito da zaƙin nan sak, ciwo ya ci gaba, kuma yanzu ita ake kira mayya. Shi kuma ya karɓi dusar da ta tace da ruwan wankin gangar ya ba maruƙansa, biyu suka makance, suna zagaye wuri ɗaya suna cizon haƙora har suka mutu.

Kika saurare shi har ya gama. Sannan kika dube ni, karo na farko ido da ido, kika ce: "Malam, ashe zaƙin ga ba na hannuna ba na. Na ganga na. Ni da Iya mi munka haɗa in ba ita ba? Tashi ka ɗaura jaki, za su kashe ɗiyar mutane a banza."

Lami ta tuna miki cewa Iya ce ta fara ambaton sunanki. Kika ce: "Ɗanta ya mutu, Lami. Wadda ɗanta ya mutu ba a riƙe mata magana."

Gaban mai unguwa da dattawan Tsafe kika sa aka kifar da gangar. Jan da ke gindinta ya cinye, dalmar ta yi rami-rami, duk tsamin kunu ya lashe su, mu kuma muka shanye. Tambaya, da ya rako mu, ya faɗi abin da ya sami maruƙansa, Jatau maƙeri ya duba liƙinsa ya ce rabi ya tafi. Ba wanda ya yi musu. Aka huda gangar, aka binne ta nesa da rijiya. Iya ta faɗi a ƙafafunki, kika ce ta tashi, ƙafafun ma ciwo suke yi.

Ba ki tsaya nan ba. Kin ji labarin matan Maguzawa na gindin dutsen Kwatarkwashi sun sayi irin gangunan nan suna dafa burkutu. Wasu malamai abokaina suka ce ina ruwan Musulma da tukunyar giya. Kika hau jaki da hannu ɗaya kika je, kika nuna musu hannunki da dasashinki, kika ce su koma tukwanen ƙasa, kuma kada su jiƙa komai mai tsami a gangar fenti ko kwanon rufi. Kin ce mini ba giyarsu kika je gyarawa ba, 'ya'yansu ne ke lasar ludayi kamar namu.

Ciwo ya ja baya a Tsafe sannu a hankali. Wasu yaran sun murmure, wasu har yau ba su da kuzarin tsaransu. Kin koma tukwanenki, Iya ke dama miki. Kunun ya koma yadda yake tun asali, kuma idan na ce ya yi daɗi sai ki aiko Lami ta ce mini in daina ƙarya, kin san bai kai na ganga ba. Ina jin wannan kaɗai ne abin da ba ki yafe wa gangar ba. Jikinki dai bai sake komawa daidai ba, har ajali ya zo.

Da na isa Tsafe ranar Alhamis, na tarar layin sallarki ya kai bakin hanya, har da mutanen Kwatarkwashi tsaye daga gefe. Iya ce ta yi miki wanka. Da muka dawo daga maƙabarta na leƙa tsakar gida, inda Lami da Uwani suke tun kina jinya, sai na ga wata mata da na san ta taɓa janye ɗanta daga gare mu ta kwance goyonta, ta ɗora jaririn a cinyar Uwani, ta ce ta riƙe mata shi za ta yi alwala. Nan na zauna a zaure, numfashin da na daɗe ina riƙewa ya sauka.

Allah Ya jiƙanki, Inna. Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara, Ya yalwata kabarinki, Ya shayar da ke daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya jiƙan ɗan Iya da sauran yaran da suka riga ki, Ya ba iyayensu haƙuri. Ina yi wa Lami da 'yan'uwanta ta'aziyya, da Iya, da dukan mutanen Tsafe. Uwani kuwa, idan ta iya karatu, ta karanta sunan kakarta a nan, ta faɗe shi ko'ina ba tare da ta sunkuyar da kai ba. Amin.

Sahabi, mijin Lami, Bungudu.