Na Je Ɗauko wa Baba Kaza da 'Ya'yanta

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da wani abokina da muke wannan hauka ta ɗaukar hoton taurari tare. Bayan mota cike yake da madubin hangen nesa, kyamara, ƙafafun da ake kafa su a kai, da batir mai nauyin tsiya. Matata ta ce duk wanda ya gan mu zai ɗauka ƙaura muke yi.

Saboda Baba na yi tafiyar. Shekara uku ke nan da na ɗauko shi daga ƙauyenmu da ke bayan Gwiwa saboda ciwon ƙafa, ga kuma yanar ido ta fara rufe masa gani. Tun da ruwa ya ɗauke, kullum bayan isha sai ya ce, "Kaza ta fito kuwa?" Kaza da 'Ya'yanta yake nufi, taurarin nan da ke cure wuri guda, waɗanda yake dubawa tun yana saurayi ya san inda shekara ta kwana. Mu kuwa a unguwarmu fitilu da hayaƙin janareta sun cinye sama. Sai na yi masa alkawari zan ɗauko masa ita daga saman garinsu.

Da hantsi muka tsaya Kazaure muka ci waina da miyar taushe. Abokina ya yi ƙari sau biyu, wai na hanya ne. Daga nan muka ratsa ta Roni. An yanke gero an jingine, dawa ta sunkuyar da kai, mata na tsinkar gyaɗa a inuwar duwatsu. Na sauke gilashi don in shaƙi ƙamshin kaka, wanda na jima ban ji ba.

A Gwiwa muka ajiye mota, don yashin hanyar ƙauyen ba ya ragawa ƙaramar mota. 'Yan acaɓa sun tsuga kuɗi da suka ga kaya, muka yi ta ja har muka daidaita. Wanda ya ɗauke ni ya dubi madubin da na rungume.

"Alhaji, wannan bututun na harbin mene ne?"

"Taurari," na ce.

"To, Allah Ya sa a samu nama."

Da la'asar muka shiga gari. An kafa fitilun sola daga masallaci har bakin rijiya. Kowa murna yake yi. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ce yanzu tana ganin kunama tun kafin ta taka ta. Na ce madalla, amma a raina na san aikina ya ɓaci, don wannan hoto duhu yake so, duhu ƙirin. Dole mu kwashi kaya mu nausa can bayan gonaki kafin magariba.

Ina ɗaure kaya Gwaggo ta ce, "Malam Sule ya ji ka zo. Ya ce ka je ku ci tuwo." Malam Sule aminin Baba ne, gonarsu kan iyaka ɗaya tun kafin a haife ni.

"Gobe, Gwaggo, in sha Allahu. Rana na shirin faɗuwa."

Mun kafa kaya a wata gonar gero da aka girbe. Akwai ɗan inji da ke juya madubin a hankali yana bin taurari, kuma saita shi kaɗai ya ci mana awa guda. Sannan Kaza ta ɗago daga gabas. Wallahi sai da na manta da kyamara. Nan da nan na koma yaro, ina kwance a tabarma, hannun Baba a kaina, yana cewa in ƙirga 'ya'yan. Kewarsa ta kama ni kamar ba da safe na rabu da shi ba.

Aikin na haƙuri ne. Kowane hoto sai kyamara ta yi minti biyu tana tara haske, kuma ana son su da yawa. Can raɓa ta sauka ta lulluɓe gilashin, rabin abin da muka ɗauka ya lalace. Muka dawo da asuba muka yi ta barci har azahar, muka sake komawa da yamma. A dare na biyu Allah Ya ba mu sa'a. Washegari muka yi sammako saboda abokina na da aiki. Mun wuce ta ƙofar gidan Malam Sule, yana zaune a kan buzu, na ɗaga masa hannu daga kan babur.

Kwana biyu na yi a kwamfuta ina haɗa hotunan su zama ɗaya, sannan na kai aka wanke mini babba. Taurari ba sa ƙirguwa, ga wani shuɗin haske ya kewaye su. Ban taɓa ɗaukar kamarsa ba.

Baba ya kai shi dab da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa.

"Wannan fa?"

"Kaza ce, Baba."

"Kazar da na sani 'ya'yanta shida ne, bakwai ga mai kaifin ido. Wannan ai kasuwa ce." Ya yi dariya, ya sa mini albarka, ya ajiye hoton a gefe. "Ya ka baro Sule? Tarin nan nasa ya sake shi? Ya samu gero bana? Me ya ce ka gaya mini?"

Na sunkuyar da kai. "Na dai ɗaga masa hannu, Baba."

Na ji kamar in nutse.

"To," ya ce a hankali. "Hannu ma gaisuwa ce."

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan, kuma da ciwo na koye shi. Na iya saita madubi ya bi tauraro dare guda bai kuskure ba, amma ban fahimci abin da mahaifina ke tambaya ba. Gida yake kewa, da mutanen da suke zama su kalli saman tare. Na kwana biyu a garinsu ina kallon sama, na dawo masa hannu rabbana.

Da gari ya waye na kai motar wajen bakanike, na ce a gyara kujerar gaba ta riƙa kwantawa sosai, yadda mai ciwon ƙafa zai iya miƙewa har Gwiwa.