Abin da Ni da Wana Muka Gani a Rafi

Shekarata ashirin da huɗu a lokacin, ina ɗinki a bakin kasuwar ƙauyenmu, kusa da Rara. Wana, wanda nake bi, malamin firamare ne. Ƙarshen damina aka aiko cewa kawunmu na Boyekai yana kwance, ga shi ruwa ya yanke hanyar mota. Sai muka yanke shawarar ratsa daji a ƙafa. Muka fita da sassafe, ni da gorar fura, shi da sandarsa.

Har rana ta take babu abin da muka gani sai makiyaya daga nesa. Wajen azahar muka gangara wani rafi da ruwansa ya janye, ya bar yashi mai danshi. Nan tsuntsaye suka yi tsit gaba ɗaya. Wani wari ya buge mu, kamar na bunsurun da ruwa ya doka. Sai dutse ya faɗo gabanmu, wani ya biyo shi.

Na ɗaga kai. Yana tsaye a gindin wata kanya, hayin rafin, bai fi taku talatin ba. Na san birai, na sha korar su daga gonar gero. Wannan ba irinsu ba ne. Da ƙafa biyu yake tsaye, ya fi wana tsawo nesa ba kusa ba, gashinsa ja, hannuwansa har gwiwa, babu wutsiya. Kallonmu yake kamar tsohon da aka taka wa shuka.

Wana ya damƙe hannuna har farcensa ya shige ni.

"Kana ganin abin da nika gani?"

"Ina gani, Yaya."

"Kada ka gudu. Yi ta addu'a."

Abin ya juya a hankali ya shige sarƙaƙiya. Da muka haye, muka iske sawunsa a yashi. Wana ya sa ƙafarsa da takalmi a ciki, ba ta cika shi ba. Daga nan muka miƙe sosai, ba mu karkata ba, amma sau uku muna dawowa gindin kanyar nan. Sai dab da magariba muka shiga Boyekai, bakinmu a bushe.

Da muka koma gida na ba da labari a majalisa, zuciyata ɗaya, tunda ina da shaida. Wani dattijo ya juya wurin wana.

"Malam, mi kunka gani?"

Wana ya yi murmushi. "Ni dai ban ga komi ba, Baba. Kututture na. Ga rana, ga yunwa."

Aka fashe da dariya. Kafin sati ya zagayo sunana ya koma Mai Biri. Masu kawo ɗinki suka riƙa tambaya ko dodona ma ya kawo nasa awon. Innarmu ta shiga kawo mini rubutu, tana turara mini hayaƙi, tana kuka a ɓoye. Akwai yarinyar da nake nema, magana har ta yi nisa. Mahaifinta ya aiko a dakata tukuna, wai a ga yadda jikina zai yi. Ba a sake tada zancen ba. A Wurno ta yi aure.

Na iske wana a bayan makaranta na tare shi.

"Yaya, don mi?"

Bai kalle ni ba. "Ni malami na. In nic ce na ga dodo, wa ka ba ni ɗiyanai in karantar? Kai tela na, ba ka rasa komi."

Ban sake yi masa maganar ba. Muka ci gaba da gaisawa, muna haɗuwa wurin biki da suna, shekara kusan talatin.

Da ciwo ya kwantar da shi a gidansa na Goronyo, na je dubiya. Ɗakin ya rage daga ni sai shi, sai ya ce, "Ja na, ko? Gashin nan. Har yanzu ina ganinai."

Na miƙe tsaye. Na ce, "Yaya, ɗiyanka na waje. Bari in kira su ka hwaɗa gabansu."

Ya rufe ido. "Na gaji. Bari sai gobe."

Ya yi wata biyu bayan haka, yana ci yana hira da baƙi, bai faɗa wa kowa ba.

Ranar zaman makokinsa ina kan tabarma ina karɓar gaisuwa. Wani tsohon ɗalibinsa ya durƙusa gabana yana share hawaye, ya ce a iya saninsa Malam bai taɓa yin ƙarya ba, Allah ya jiƙansa. Mutane suka amsa. Ni ma na ce amin.