Wokal ɗin da Bai Iso Ba

Akwai wata ranar kasuwar Karofane, cikin damina, da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ko girgije ɗaya babu a saman garinmu ran nan, amma ruwa ya kusa cinye yayata da mijinta, kuma da hannuna a ciki.

Garinmu yana bakin wata ƙorama da ke gangarowa daga duwatsun wajen Buza. In an yi ruwa can sama, sai ta cika nan ƙasa ko da mu ba mu ga ɗigo ba. Shi ya sa da wayoyi suka yawaita, kowane gari na bakin ƙoramar ya buɗe gurup ɗinsa, wato zauren saƙonni na waya, da mai riƙe da shi. Babu wani babba a kan kowa. Abin da ya haɗa mu shi ne, mai riƙon kowane gari yana cikin gurup ɗin garin da ke ƙasa da shi. Ruwa na tasowa sai ya saki wokal, wato saƙon murya, mu ma mu miƙa gaba. Ni aka ba riƙon namu, don ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ana ganin na san waya.

Da farko duk wanda ya yi magana na san muryarsa. Sai 'yan bida, wato 'yan ci-rani, na Abijan da Libiya suka ji labari suka shigo, kowa ya jawo abokinsa. Kafin damina ta zagayo, gurup ya zama kasuwa. Gaisuwar Juma'a, wa'azi, tallan takalma, gardamar ƙwallo. Waya ta cika, megan intanet ya ƙare, mutane da dama suka daina buɗewa.

Wanda ya fi kowa zuba mana kaya shi ne mai riƙon garin da ke sama da mu, wani mai gyaran moto. Duk abin da ya faɗo gurup ɗinsu sai ya juye a namu. Sau biyu ina yi masa magana. Ya ce, "Malam, ni ban iya zaɓe ba, abin da yaz zo shi nika turawa." Rana ta uku na cire shi. Jama'a suka yaba mini, ni ma na ji na yi aiki. Wallahi ko kaɗan ban tuna dalilin da ya sa aka saka shi tun farko ba.

Ranar da abin ya faru ina gona, wayata na bar ta shago ana saka mata wuta. Da hantsi aka yi ruwa mai ƙarfi a duwatsu. Mai gyaran moton ya kira ni bai samu ba, kuma ba shi da lambar kowa a garinmu, tunda komai ta gurup ake yi. Sai ya saki wokal a nasu. Wani ɗan garinmu da ke Abijan, wanda yake cikin gurup ɗin duka biyun, ya ji ya turo namu. Saƙon ya faɗa tsakiyar gaishe-gaishen wani suna, ba wanda ya buɗe. Da ya ji shiru, ya kira matarsa, ita ce ta fita a guje zuwa mashiga tana kiran mutane.

Lokacin yayata da mijinta suna tsakiyar ƙoramar a kan amalanke, za su kai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli kasuwa. Ta ce mini ƙara suka fara ji kamar ta babbar mota, suna waigawa sai ga jan ruwa da itace a kansa. Mijin ya fizgo ta suka yi gaɓa, ruwan ya cim musu a ƙugu, ya kama saiwar wani icce da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da ita, har mutane suka miƙo musu igiya. Jakin da amalanken da kayan duk suka tafi.

Na same ta zaune a tsakar gida, ƙafarta duk ƙurji. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Ƙanena, ina mutumin da ka hwaɗa muna ruwa?"

Na ce, "Yaya, na cire shi."

Ta dube ni, ta ce, "To wa kas sa madadinai?"

Washegari na hau moto na je har wurin aikin mai gyaran moton na ba shi haƙuri. Bai ɗago daga tayar da yake wa liƙi ba, ya ce, "Ni ma na cika ku da surutu, na sani. Amma ruwa bai san mun ɓata ba."

A satin muka zauna, masu riƙon garuruwan duka, muka buɗe wani gurup na ruwa kaɗai, mutum biyu daga kowane gari, ko sallama ba a yi a ciki. Muka kuma rubuta lambobin juna a bangon shagon kowane gari. Manyan gurup ɗin suna nan suna ta hayaniyarsu har yau.

Abin da na koya shi ne, mutum zai iya damun ka ƙwarai, kuma ya zamana akwai aikin da shi kaɗai yake yi maka. Yanzu kafin in raba kowa da wani wuri, a lakwal ko a gari, sai na fara tambayar kaina me yake riƙe da shi, kuma wa zai karɓa in ya tafi.