Gwiwar Yohanna mai tayil

Har yau ban manta da wata safiyar Talata ba, a shekarata ta ƙarshe kafin ritaya. Ni Ya Fanna, ban yi boko ba, amma na tsufa a asibiti, a ɗakin masu ciwon ƙashi. Aikina shi ne in wanke mara lafiya, in aske wurin da za a yanka, in tura gadonsa zuwa ƙofar tiyata. Sama da ni akwai Sista, sama da ita Matiron, sannan likita. Mai tura gado ba ta yi wa likita magana sai ya tambaye ta, kuma ba ya tambaya.

Ku sababbin masu tura gado da kuka zo jiya, ku saurara. A cikin gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna. In ta gaba ta tsinke, ɗinki ba ya riƙe ta. Ko dai a bar mutum da gashin ƙashi da motsa ƙafa, ko a yi masa sabuwa daga jikinsa. Ana iya yanko ta ƙasan ƙoƙon gwiwa, mai ƙarfi ce, sai dai takan bar mutum da ciwo in ya durƙusa. Ana iya ɗebo ta bayan cinya, ita ba ta hana durƙuso. Shi ya sa Likita Bukar yake da tambaya ɗaya: kana salla? In ka ce e, cinya zai nufa, don kada ya raba ka da sujada.

To, aka kawo wani Yohanna daga unguwar Bolori, magidanci mai 'ya'ya uku, ya tsinka tasa wajen ƙwallo ranar Lahadi bayan coci. Likita ya ga sunan, ya tsallake tambayar. Ya ce ɗan ƙwallo ta ƙasan ƙoƙon gwiwa ta fi masa. Yohanna ya ce duk abin da likita ya gani, ya sa hannu.

Da na zo da reza na ɗage zanen, sai na ga kanta a gwiwoyin nan biyu, baƙa, mai kauri kamar ta raƙumi. Na aske gwiwar limamai ban ga irinta ba. Na tambaye shi ko addu'a ce ta yi masa haka. Ya yi dariya, ya ce, "Mama, tayil nake sakawa a gidajen mutane. Tun safe har yamma a kan gwiwa nake."

Na gaya wa Sista. Ta ce takarda ta riga ta shiga, in yi aikina. Na nemi Matiron, aka ce tana taro. Sai na yi aikina. Na tura gadon, amma a hankali, kamar mai rakiyar amarya, har Likita Bukar ya fito yana tambayar abin da ya tsare mu. Tunda ya tambaya, doka ta ba ni baki.

Na ce, "Likita, taɓa nan."

Ya taɓa. Ya daɗe yana kallon wurin.

Na ce, "Wannan ya fi ni da kai durƙuso. Mu sau biyar muke yi, shi bai da lissafi."

Sista ta zuba mini ido kamar za ta cinye ni. Likita ya jawo kujera nan a bakin ƙofa, ya sake yi wa Yohanna bayani tun daga farko, aka kawo sabuwar takarda. Ta cinya aka ɗebo. Ranar duka ayyukan sun makara, Matiron kuma ta kira ni ta ce kada in sake. Na ce to.

Bayan wajen wata tara Yohanna ya zo a duba shi, ya biyo har gidana ya durƙusa ya gaishe ni. Na bar shi a ƙasa ya ɗan jima, ina so in gani. Ya tashi bai dafa komai ba.

Tun daga ranar likita ya canza tambayarsa, ya koma cewa: me kake yi da gwiwar nan? Bai taɓa faɗin inda ya samo ta ba, ni ma ban tuna masa ba. Ku dai in an ba ku reza, ku duba fatar kafin ku aske. Takarda suna kawai take faɗa, sana'ar mutum kuwa tana jikinsa.