Baba Musiliu da Zaren Ankon Adaeze

Duk wanda ya san layin teloli na Fagge ya san Baba Musiliu, gajeren Bayaraben nan mai hula a karkace, wanda ko masallaci za shi tef ɗin awo na rataye a wuyansa. Shekara talatin da huɗu yana ɗinki a shago ɗaya. Ni mai guga ne, teburina yana jikin ƙofarsa, duk abin da ya ɗinka sai ya bi ta hannuna, kuma wallahi ban taɓa goge aikin da ya kai nasa tsafta ba. Sai dai yana da wani hali da ya daɗe yana ba ni haushi: ba ya sayen zare da kansa, ba ya kuma barin kowa ya taɓa akwatin zarensa. Kana kai hannu zai daka maka tsawa, ko kai wane ne.

Matarsa, Iya Ramota, ita ke zuwa Kasuwar Sabon Gari duk Litinin ta sayo zare wurin wata Madam Bridget. In ta dawo sai ta zauna a ƙuryar shago da reza, tana yi wa robar kowane zare 'yar tsaga. 'Yan layi suka ce ai mallake shi ta yi, wannan tsage-tsagen ma surkulle ne. Ni ma na faɗa, ba zan ɓoye ba. Ashe tsaga ɗaya ja ne, biyu kore, uku ruwan ƙasa. Idon Baba ba ya raba waɗannan launuka, da babban yatsa yake karanta su. Su biyu kaɗai suka san haka, domin a ganinsa ranar da aka ji tela ba ya gane kala, ranar kowa zai zo ya kwashe yadinsa.

Bara Iya Ramota ta tafi Ogbomosho wurin 'yarsu da ta haihu, za ta yi kwana arba'in. Ta cika masa akwati kafin ta tafi. A sati na uku sai ga Madam Bridget da ƙaton ƙunshi: 'yarta Adaeze za ta yi aure, matan cocinsu ashirin da biyu sun fitar da anko, koren yadi, kowace riga da aikin koren zare a wuya. Asabar ne bikin.

Ran Laraba koren ya ƙare, saura riga bakwai. Baba ya saka guntun zaren a aljihu ya nufi kasuwa. Bai je wurin Madam ba don kada ta gano shi, ya shiga wani shago can ciki. Mai shagon ya gane shi, ya turo masa kwali guda yana cewa, "Baba, ai ku ne malamanmu, zaɓi da kanka." Kalma uku ce za ta fisshe shi, wanne ne kore, amma bakinsa ya ƙi buɗewa. Ya kara guntun nasa, ya ɗauki wanda ya yi masa daidai a ido, ya dawo ya hau keken ɗinki.

Alhamis da hantsi ya miƙo mini rigunan bakwai. Na buɗe ta farko. Wuyan ja ne jawur kamar tattasai. Kafin in yi magana adaidaita ta tsaya, Madam Bridget ta sauko ita da amarya.

"Jesus! Baba Musiliu, me na yi maka?" Madam ta ɗora hannu a ka. "Green na ce, green! Jibi fa biki!"

Baba ya ɗaga riga mai koren aiki da mai jan aiki, ya duba wannan, ya duba waccan. Ya ce, "Madam, ai duk ɗaya ne."

Na ji tausayinsa har cikin raina, domin na ga ya gane abin da ya fita daga bakinsa.

Adaeze kuwa, maimakon ta yi kuka, sai idonta ya yi haske. A asibitin ido take aiki, ita ke gwada ganin mutane. Ta zaro waya tana cewa, "Mummy, dakata! Baba, don Allah dubi nan." Wata da'ira ce cike da ɗige-ɗige masu launi, da lamba a ɓoye a ciki. Ta fara nuna mini. Na ce saba'in da huɗu, ga shi ɓaro-ɓaro. Ta nuna wa Baba, ya ce ashirin da ɗaya. Ta buɗe wata, na ga lamba, shi ya ce ba komai sai ɗigo.

"Na sani!" Ta tafa hannu har da tsalle. "Baba, abin nan sananne ne, kullum muna ganin masu shi. A cikin ido akwai ƙananan ƙwayoyi masu karɓar launi. Naka masu raba ja da kore ne ba sa aiki kamar na sauran mutane. Shuɗi da ruwan ɗorawa kana ganinsu, ko?"

"Tas," in ji Baba. Sai ya rage murya. "'Yata, makancewa zan yi?"

"Ko kusa! Da shi aka haife ka, kuma irin wannan ba ya ƙaruwa. Gado ne, yawanci ta wajen uwa yake biyowa, maza ya fi kamawa. Babu maganin da ke cire shi, amma ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne. Ka zo asibiti in yi maka cikakken gwaji da littafi, waya ba ta isa ba."

Baba ya zauna a kan benci. Ya ce lokacin da yake koyon ɗinki, ubangidansa ya sha dukansa a kan zare yana kiransa daƙiƙi, har shi ma ya yarda. "Ashe ba daƙiƙanci ba ne," ya ce, ya sake maimaitawa. Sai kawai ya miƙe zumbur, ya fizge wayar amarya ya shiga layi da ita.

Ban taɓa ganin dattijo yana murna haka ba. Shago-shago yake bi yana ihu, "Kai, nawa ka gani? Kai fa?" Kowa saba'in da huɗu. Har ya kai kan Abdulƙahhar mai gyaran kekunan ɗinki, wanda ya fi kowa yi masa tsiya. Abdulƙahhar ya leƙa, ya ce da gadara, "Ashirin da ɗaya mana, sai me?" Layi ya kaure da shewa. Baba ya rungume shi yana cewa ɗan'uwana. Abdulƙahhar ya yi sororo, can ya ce, "Kai! Shi ya sa matata ta hana ni sayen tumatir, wai kullum ɗanye nake kwasowa!"

Madam Bridget, da dariya ta ci ƙarfinta, ta koma kasuwa da kanta ta kawo koren. Teloli huɗu suka ajiye aikinsu suka zauna farke jan zaren, Baba yana bi yana sabon aiki, ni ina gogewa. Adaeze ta rubuta sunan kowane launi ta manna a jikin robarsa. Kafin la'asar ɗin Juma'a riga ashirin da biyu sun cika.

Da aka tafi da kayan, Baba ya kira Ogbomosho, ya buɗe muryar wayar don mu ji.

"Ramota, kowa ya sani. Duk layi sun ji."

Iya Ramota ta ce, "Innalillahi. Sun kwashe kayansu?"

"Ko ƙyalle ba a ɗauka ba. Ga ni a kan keke, yanzu ma aka kawo shadda biyu."

Sai muka ji Iya Ramota ta fashe da kuka, irin kukan wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya. Shekara talatin da huɗu tana rufa wa mijinta asiri, mu kuma muna zaune a bakin ƙofa muna cewa ta mallake shi. Na sunkuyar da kai a kan teburina, kunya ta hana ni ɗagowa har ya kashe wayar.