Malam Isyaku da Darasin Kaka

Shekara tara ke nan da muka kai abokina Malam Isyaku makwancinsa a Agege. Lokacin da yake koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a unguwarmu, littafin yara yana raba shekara ne yadda Turawa suka raba tasu, har da hoton yaro yana wasa cikin ƙanƙara. Yau an daina koyar da shi haka a makarantar, amma a kan wannan ne shi ya rasa aikinsa.

Abin ya faro ne daga tambaya guda. Wata rana ya ce wa 'yan ajinsa, yawancinsu haihuwar Legas, "Wa zai gaya mini yaushe kaka take zuwa?" Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, sai da Sallah take zuwa, ƙafarta ce ke ciwo." Ajin bai yi dariya ba, don kowa ya ɗauka amsar ke nan. Da yamma ya same ni a bakin masallaci ya ce, "Alhaji, jikokin manoma ne fa. Sun haddace lokutan Ingila, ba su san kaka ta girbi ba."

Na yi fatauci a ƙasashe, na ga irin wannan. A Damagaram na ga yara suna rera sunayen lokutan Faransa alhali gero na nuna a bayan ajinsu. A Sudan kuwa na tarar sun ɗauki kalmar Larabci harif, wadda asalinta lokacin zubar ganye ne, sun mayar da ita sunan daminarsu. Su sun tanƙwara kalma ta bi ƙasarsu, mu muka tanƙwara yaranmu su bi littafi. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Isyaku bai da gona a Legas, sai ya mai da kasuwar Mile 12 gonarsa. Yakan cika motar haya ta danfo da yara ya kai su inda ake sauke kaya. Tumatir ya cika kwanduna har yana ruɓewa? To rani ne, masu noman fadama sun kwashe. Ya yi wuya, ɗanyar masara ta fito? Damina ta kankama. Sabon gero da sabuwar gyaɗa, kaka ke nan. Yakan sa su tambayi direbobi abin da suka baro a hanya, su kuma tambayi mata Yarbawa sunan lokacin a bakinsu, don ruwan Legas ba ya bin ƙa'idar na Kano.

Wasu iyaye ba su ji daɗi ba. Wani maƙwabcina ya ce wa Isyaku, "Na gudo daga gona don ɗana ya zama oga, ka mai da shi wajen 'yan dako?" Ban raina tsoronsa ba, na san wahalar da ta koro shi. Mai makarantar ya ce Isyaku ya zaɓa, ko littafi kaɗai ko ƙofa. Ya ce zai koyar da littafin tsaf, amma bayan yara sun san nasu. Aka sallame shi. Ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a zauren haya, ba wanda ya zo ba shi haƙuri.

Da zai dawo yau, me zai ce? Zai ga yara suna tambayar waya ko za a yi ruwa. Zai ji Hausarsu ta ƙara sirkuwa da Turanci da Yarbanci. Na san zai yi tsaki, don darasin da aka kore shi a kansa sau ɗaya ake yin sa a mako. Wata malama Bayarabiya, wadda ta raka shi kasuwa a wancan lokaci, ita ta yi ta naci har aka dawo da darasin bayan rasuwarsa.

Ba a sa sunansa a jikin komai ba, Allah Ya jiƙansa. Amma a makarantar nan yanzu, yaro yana fara sanin damina da rani da sunayensu na Hausa da Yarbanci kafin a buɗe masa shafin ƙanƙara, kuma ba a ƙara korar malami don ya koyar da haka ba.